Hannun da Ba a Auna Ba

Ranar da waɗanda suka ambaci maƙalar Dakta Jamilatu Babba suka cika ɗari huɗu, abokan aikinta a jami'a har lemo da cincin suka kawo ofis. Wanda bai san duniyar masu bincike ba zai ɗauka wasa ne, amma wallahi da haka suke auna junansu. Ba a tambayar mutum nawa ka warkar. Abin da ake tambaya shi ne maƙala nawa ka wallafa, sannan mutum nawa ne a faɗin duniya suka ɗauki maganarka suka jingina tasu a kai, suka rubuta sunanka a ƙasa. Shi suke kira ambato. Har shafi gare su a intanet wanda ba aikin fari bare na baƙi, sai ƙirga wannan abu.

Maƙalolin Jamilatu talatin da bakwai ne. Talatin da shida suna nan suna rarrafe, wannan ambato biyar, waccan goma sha biyu, wata kuwa tun da ta fito ko kallon arziki ba a yi mata ba. Guda ɗaya ce ta yi tashe, kuma ita ta goya sauran.

Shekara shida ke nan da ta rubuta ta, a kan mata ashirin da tara na ƙasar Kankiya da Kusada waɗanda sankarar mama ta kama, aka yi musu aiki aka cire, suka sha magani, Allah ya yi da sauran kwanansu a gaba. Fagen karatunta ke nan: waɗanda suka tsira daga cutar, da yadda rayuwa take kasance musu bayan asibiti ya sallame su. Duk likita ya san abin da kan biyo bayan irin wannan aiki. In aka cire mama aka haɗa da kaluluwar hammata, ruwan jiki yakan rasa hanyar komawa, sai ya taru a hannu, hannun ya yi ta kumbura shekara da shekaru. Abin mamakin da Jamilatu ta kawo wa duniya shi ne, cikin matan nan ashirin da tara, biyu kacal suka ce suna da wannan kumburi. A ƙarshen maƙalar kuma ta yi ɗan hasashe, cewa ƙila daka da jan guga ne ke tsare hannun matan karkara.

To, wannan hasashen shi ya tayar da kan Turawa. Suka yi ta ambato kamar ba gobe. Har an taɓa gayyatar ta taro a wata ƙasa mai sanyi, ta tarar da mata cike da ɗaki suna ɗaga sanduna sama suna saukewa, wai dakan matan Kusada suke kwaikwayo. Ta yi dariya a ranar har da hawaye, kuma ba za a ɓoye ba, ta ji daɗi.

Yanzu taki ɗaya ya rage ta zama farfesa. Kwamitin ƙarin girma na so ta koma wurin matan nan ta ga yadda suke bayan shekara shida, ta rubuta maƙala ta biyu. Shi ya sa a tsakiyar Agusta, gero ya fara fitar da kai, ta baro birni ta sauka gidan yayanta a Kankiya. Washegari da hantsi ta kama hanyar Kaikai, wani ƙauye a ƙasar Kusada, motar na ta faman tsallake kududdufai.

Gidan Inna Murja ta nufa. Inna Murja aminiyar marigayiya mahaifiyarta ce, rumfa ɗaya suka yi shekara ashirin suna sayar da daddawa a kasuwar Kankiya, kuma Jamilatu ta yi barci a bayanta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ita ce mace ta farko a cikin ashirin da taran, ita kuma ta yi mata hanya zuwa ga sauran.

A wancan karon na binciken farko, kwana uku kafin ta zo ta aika wa mai unguwa, kamar yadda ɗiyar mutunci za ta yi. Wannan karon ta kira lambar Fadimatu, 'yar Inna Murja, ya fi sau goma ba ta shiga ba. Sai ta ce bari ta fara zuwa gaisuwa kawai, aiki ya biyo baya. Ta yi sallama a zaure, ba ta jira amsa ba ta kutsa kai, don gidan uwa ne.

Inna Murja na zaune a inuwar itacen bedi, daga ita sai ɗaurin ƙirji. Hannunta na hagu yana ɗore bisa kifaffen turmi. Da farko Jamilatu ba ta ma gane hannu ba ne. Daga kafaɗa har yatsu ya cika ya yi tim, kaurinsa ya kai cinyar babban mutum. Fatar ta yi baƙi tana ƙyalli, kusa da gwiwar hannun ta tsage tana tsattsafar da ruwa. Fadimatu na tsugune a gefe tana korar ƙudaje da mafici.

"Subhanallahi!" in ji Inna Murja, kuma ba don hannun ta faɗa ba, don baƙuwar ne. "Fadi, miƙo mani hijabi. Haba Jamila, haka ake shigo ma mutane babu aike?"

Fadimatu ba ta motsa ba. "Bar shi, Inna. Ta riga ta gani. Gara ma da ta gani."

Jamilatu ta durƙusa.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ya hanya? Ya yaran? Ya maigidan naki?"

"Duk lafiya. Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Jamilatu ta juya ga Fadimatu, muryarta a ƙasa. "Tun yaushe yake haka?"

"Tun kahin ki zo da takardunki, Yaya Jamila. Lokacin bai kai haka ba, amma zobenta sai da maƙeri ya yanke mata shi. Ranar da za ki zo, tun da sassahe ta yi wanka, ta sa kwalli, ta aro babban hijabin Rahamatu maƙwabciyarmu, don nata bai ruhe yatsu. Kuma ba ita ɗai ba. Matar Ummaru ta Bauranya, nata ya hi wannan. Bara ta rasu, zazzaɓi ya shige ta ta hannun. Ta gidan Gajere ko tsintsiya ba ta iya riƙewa."

"Daka fa? Inna, kin ce mini kina daka."

Tsohuwar ta kawar da kai tana murmushin jin kunya. "To, mace ce za ta buɗa baki gaban mutane ta ce ba ta daka?"

"Rabonta da taɓarya tun ranar da aka yi mata aikin," in ji Fadimatu.

Nan Jamilatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba mamaki ne ya kama ta ba, wannan shi ne abin takaicin. Tunawa ta yi. A wancan zuwan akwai tef ɗin awo a jakarta, irin na tela, don tsarin binciken ya ce a auna hannu biyun a gwada. Ta sa hannu a jaka har ta taɓa shi. Sai ta ɗaga kai ta ga Inna Murja zaune a miƙe cikin hijabi, ga matar mai unguwa, ga maƙwabta, an aje fura an aje ruwa. Da wane baki za ta ce wa matar da ta goya ta, tuɓe lulluɓinki in auna ki? Ta saki tef ɗin, ta ɗauki biro, ta tambaya da baki. Da yake ba ta auna ta farko ba, sai ta ce wa kanta bincike na son a yi wa kowa daidai, ta ƙi auna sauran ashirin da takwas.

Ba ta yi ƙarya ba. A shafi na tara, cikin layi ɗaya, ta rubuta cewa bayanin daga bakin matan aka ji shi, ba awo aka yi ba. Amma ita haihuwar Kankiya ce. Ta san marar lafiya ba ya kai kuka ga baƙo. Ta san ko mutum yana gargara, in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi, ya yunƙura ya zauna, ya ce a kawo maka ruwa. Ita kanta da taifot ya kwantar da ita abin da ta faɗa wa masu dubiya ke nan. Baturen da ya karanta bai san haka ba, ita ta sani. Kuma a cikin mutum ɗari huɗun nan, da alama ba wanda ya kai shafi na tara.

Fadimatu ta ci gaba da fifita. "Shekara biyu da suka wuce wasu sun zo da farar mota, suka ce za a kawo nas Kusada mai ɗaure irin hannun ga, duk sati. Muka yi ta zuba ido. Daga baya muka ji an kai wata ƙaramar hukuma."

Jamilatu ta san ƙungiyar. Ƙungiyar agaji ce mai kula da waɗanda suka tsira daga cutar daji, kuma tana da ɗan ofis a Kankiya, bakin titin Katsina. Kafin azahar tana can.

Jami'in da ta tarar, Malam Abdullatif, mutum ne siriri mai fara'a, ɗan cikin birnin Katsina. Da ta faɗi sunanta sai da ya miƙe tsaye.

"Dakta Jamilatu Babba da kanta! Yau muna da manyan baƙi." Ya jawo aljihun tebur ya fito da maƙalarta, ta sha jan layi da biro har ta fara yagewa. "Kin ga, ba na rabuwa da ita. Kin taimake mu ƙwarai, Dakta. Ƙarfinmu bai wuce wuri ɗaya ba: nas ɗaya, da bandeji, da safar matse hannu, da maganin ƙwayoyin cuta. Kusada ce ta farko a jerinmu, sai babban ofis ya ci karo da aikinki. Da mun kai kaya inda ba a buƙatarsu."

Ta zauna. Ta gaya masa komai, tun daga tef ɗin da bai fita daga jaka ba har zuwa hannun da ke bisa turmi. Ba ta rage wa kanta laifi ko kaɗan ba. Yana saurare fara'arsa na janyewa, har ya kife maƙalar a kan tebur.

"Innalillahi," ya ce. "Juma'ar makon gobe ake rufe jerin wuraren da za mu yi aiki shekara uku masu zuwa. In Kusada ba ta shiga ba, sai bayan shekara ukun."

"To ka rubuta musu. Ka ce ni da na rubuta na ce kuskure ne."

"Zan rubuta. Amma ki duba mani, Dakta. Ke da ke zaune gabana mutum ɗaya ce. Wadda ke cikin takardar nan mutum ɗari huɗu ne suka tsaya mata. Babban ofis ba zai aje waccan ya ɗauki wannan ba." Ya ɗan yi tunani. "Hanya ɗaya na gani. In je da kaina, in ɗauki muryar matan suna faɗin abin da ke damunsu. In suka ji daga bakin masu abin, ƙila su duba."

A ranar ta rubuta wa mujallar da ta buga maƙalar. Bayan kwana biyu amsa ta zo, cike da ladabi kamar katin biki. Sun gode da gaskiyarta. Gyara na buƙatar sabon awo, a aika wa masana su duba, abin da zai ɗauki wata takwas in an yi sauri. Ko an buga gyaran ma, ba wanda zai bi mutum ɗari huɗu gida gida ya ce su goge abin da suka rubuta. Ta kira shugaban sashenta ko zai ba ta shawara, ya ce, "Dakta, ki bari a gama maganar farfesan nan tukuna, kada ki tona wa kanki asiri a bakin ƙofa." Ta kashe wayar tana huci. Abin da ya fi ƙona mata rai, tun kafin ya faɗa zuciyarta ta riga ta raya mata haka a hanyar Kaikai, ta kore shi.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su a mota. Kaikai, Bauranya, Rimaye, tana faɗa wa mutane gida babu aike kamar mai neman ɓarawo. Wasu sun rasu, wasu sun ƙaura. Ta sami bakwai, kuma shida daga cikinsu hannun ya kumbura. Wannan karon ta fito da tef ɗin, tana ba da haƙuri tana aunawa, su kuma da yake ta riga ta gani sai su kawar da kai su miƙa. Na Inna Murja ya fi ɗan'uwansa da santimita goma sha tara. Ta wanke mata tsagar, ta ɗaure da bandejin da ta sayo, ta koya wa Fadimatu yadda ake shafa hannun daga yatsu zuwa sama. Amma ta san wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Hannu irin wannan yana son mai duba shi duk mako har ƙarshen rai, in ba haka ba ranar da ƙwayar cuta ta sami ƙofa, hanyar matar Ummaru zai bi.

Ta roƙi a bar ta ta ɗauki hoto. Inna Murja ta zaro ido. "Hoton jikina ya tahi hannun maza? Ina raye? A'a, ɗiyata."

"To Inna, ran Laraba wani mutum zai zo, Malam Abdullatif. Shi ke da ikon sa a kawo nas Kusada. Don girman Allah, in ya tambaye ki, ki gaya masa gaskiya. Ki ce hannun na ciwo. Ki ce ba kya barci. Ba sai kin buɗe ba, ki faɗa kawai."

"To, ɗiyata."

"Inna, ki yi mini alkawari."

"Na ce maki to."

Ta koma wurin Abdullatif ta roƙe shi abu ɗaya: kada ya aika wa kowa, su je kawai. Ya dube ta da tausayi.

"Dakta, namiji baƙo, in shiga gari in ce a fito mani da matan mutane ba da sanin mai unguwa ba? Ko zaure ba za a bari in taka ba."

Gaskiyarsa ce. Ya rubuta wa mai unguwa takarda. Da yake mutumin kirki ne kuma yana son a karɓe su hannu biyu, sai ya cika ta da yabon Jamilatu: ɗiyarku ce, bincikenta a kan matanku ya zaga duniya, har ƙasashen Turawa an san Kaikai saboda ita.

Laraba ta zo da rana mai kyau bayan ruwan jiya. Tun daga nesa Jamilatu ta hango ƙofar gidan mai unguwa an share ta tas, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, sai ta gane an riga an shirya wa baƙo. Matan bakwai suna jere, har da waɗanda aka ɗauko daga Bauranya da Rimaye a kan babur. Kowace ta sha kwalli, kowace cikin hijabi har ƙasa. Hannayensu masu lafiya suna waje, wasu da sabon lalle. Ga ƙwaryar fura da nono, ga dafaffiyar masara na tururi. Dattawa sun zauna gefe guda, 'yan mata da matasan mata suna leƙe ta bayan danga, Fadimatu a cikinsu. Inna Murja ce a tsakiya, zaune a miƙe kamar uwar amarya.

Mai unguwa ya yi jawabi mai tsawo, aka yi addu'a, aka shafa. Abdullatif ya aje wayarsa a kan tabarma ya kunna ɗaukar murya. Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, ya fara da Inna Murja.

"Baba, ya ƙarfin jiki tun bayan aikin da aka yi maki?"

"Alhamdu lillahi, ɗan nan. Mun gode ma Allah, mun gode ma likitoci."

"Ba inda ke damunki? Hannu, ko kafaɗa?"

"Lahiya lau nike. Abin da ba a rasa ba na tsuhwa."

"Kina iya aikin gida?"

"Mi zai hana?"

Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta gode wa Allah, ta gode wa baƙo, ta sa wa Jamilatu albarka. Ta gidan Gajere, wadda ko tsintsiya ba ta iya riƙewa, har cewa ta yi jiya ta yi surfe.

Jamilatu ta kasa haƙuri. Ta matso kan gwiwoyinta har gaban tsohuwar. "Inna, hannun fa? Ki gaya masa maganar hannun. Santimita goma sha tara na auna da kaina."

Inna Murja ta yi 'yar dariya, ta dubi dattawa. "Ku ji mani Jamila da rigima. Ɗan kumburi ne na damina, wa bai yi? Likitoci dai ba su son ganin mutum zaune lahiya."

Aka yi dariya, an sami mafita. Daga bayan danga Fadimatu ta ɗaga murya, "Wallahi Malam, ba ta…" Uwar ta juya ta yi mata kallo ɗaya, sauran maganar ta maƙale.

Gefen hijabin yana nan kusa da gwiwar Jamilatu, bai fi taƙi ɗaya ba. Ja ɗaya zai wadatar. Abdullatif zai gani, mai unguwa zai gani, ba sauran gardama. Ta miƙa hannu har yatsunta suka kama ƙyallen. Ta ji ɗumin hannun ta cikinsa, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Sai ta ɗaga kai suka haɗa ido da Inna Murja. Babu faɗa a idon, babu roƙo. Tsohuwa ce kawai zaune gaban mazan garinsu, ta amince ɗiyar aminiyarta ba za ta tsiraita ta ba. Jamilatu ta gyara mata gefen hijabin kamar dama abin da ta zo yi ke nan, ta janye hannunta. Digiri uku gare ta da maƙala talatin da bakwai, kuma ta kasa, kamar yadda ta kasa shekara shida da suka wuce.

A bakin mota Abdullatif ya daɗe yana juya makulli a hannu.

"Na ga yadda take zaune, Dakta. Na ga kafaɗar ta karkace. Ni ma uwata haka take, ko wuta take ci za ta ce lafiya lau. Amma abin da ke cikin wayar nan shi zan aika, ba ni da ikon canza shi. Zan haɗa da awonki, in rubuta abin da nake zato." Ya buɗe ƙofa. "Kada dai in yaudare ki. Takardarki ta ce lafiyarsu lau, yanzu ga muryarsu ta ce haka. Ban ga ta inda zatona zai ci su ba."

Ta tsaya har motar ta ɓace cikin gonakin gero, sannan ta ja ƙafa zuwa gidan Inna Murja. Haushi take ji, na tsohuwar, na mai unguwa, na kanta fiye da kowa, kuma ta shirya maganganu masu zafi a bakinta.

Ta same ta a ɗaki kwance a kan tabarma. Fadimatu na kuka tana ƙoƙarin zare mata hijabin, wanda ya manne da tsagar. Awa biyu hannun ya yi a rataye ba abin tokara, ya ƙara cika, ruwan ya jiƙe bandejin har ya fito. Gumi ya wanke kwallin ya gangaro kan kumatu. Tsohuwar na numfashi sama sama, ta cije leɓe. Da ta ga Jamilatu sai ta yunƙura za ta tashi zaune.

"Kwanta, Inna. Don Allah kwanta."

"Ya tahi?"

"Ya tafi."

Inna Murja ta sauke ajiyar zuciya, fuskarta ta saki. Ta miƙo hannun dama mai lalle ta kamo na Jamilatu.

"Jiya mai unguwa ya tara mu ya karanta mamu takardar. Ya ce sunanki ya kai har ƙasar Turawa don kin rubuta matan Kaikai lahiyarsu lau. Sai na ce ma sauran, to ku ji, in muka buɗa baki gaban baƙon ga muka ce ba mu da lahiya, ce za a yi ɗiyar Babba ta yi ma duniya ƙarya. Su tuɓe ta daga aiki. Uwarta ba ta da rai, mu ne uwayenta. Duk suka ce haka ne." Ta tsaya ta haɗiye zafin da ya taso mata. "Ta gidan Gajere ma da ƙyar ta iya zama, amma kin ga ta daure. Mun yi daidai ko, ɗiyata? Ba mu ba ki kunya ba?"

Maganganun da Jamilatu ta shirya duk suka watse. Ta dubi hannun, ta dubi fuskar da ke jiran amsa cike da fata. Ta san gaskiyar da ya kamata ta faɗa, ta kuma san abin da gaskiyar za ta yi wa matar da ta sha azabar awa biyu dominta. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kun yi daidai, Inna," ta ce. "Ba ku ba ni kunya ba."